Yadda Aka Kashe Sha-Tsawa a Kankia

Duk wanda ya san Labaran masaƙi na ƙauyen Ƙofa ya san shi da faɗa. Ba na hannu ba, don ko 'ya'yansa bai taɓa mari ba. Faɗan baki ne. In aka taɓa abin da yake ganin gaskiya ne, sai ya ajiye ƙoshiyar saƙa, ya fito daga masaƙa, ya tsaya a kan mutum har sai ya juye duk abin da ke cikinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idonsa na hagu ya ɗan kanne saboda yawan duban zare. Gwadon da ya saƙa sai dai mutum ya gaji da shi ya bayar, ba dai ya yage ba. Matarsa Haulatu takan ce da ana sayen fushi a kasuwar Kusada, da tuni sun yi rufin kwano.

Amma ba saƙa ce ta fi zauna masa a rai ba. Wani wasa ne da suka ƙirƙiro shi da amininsa Mamuda, wanda shi ma masaƙi ne, a damunar shekarar da aka samu 'yancin kai.

Wata rana ruwan sama ya hana su shimfiɗa zare, suka fake a zauren Mamuda tare da Bubayero, wani Bafillatani mai ruga a bayan gari. Mamuda gwanin labari ne, sai ya kama ba su labarin wani jarumi da ya tsallake kogi ɗauke da dokinsa a kafaɗa. Labaran ya ce bai yarda ba, ko a labari akwai abin da ba ya yiwuwa. Da gardama ta yi tsawo, Mamuda ya shiga cikin gida ya ɗebo wuri bakwai, irin wanda ake kashewa a matsayin kuɗi a da, daga tsohuwar tukunyar mahaifiyarsa, ya zuba a faifai, ya ce to ba ni ba, ba kai ba, wuri ya raba mu. In biyar suka buɗe baki sama, ya tsallake. In ba su kai ba, ya faɗa ruwa. Labaran ya watsa, uku suka buɗe. Jarumin ya faɗa kogi, Mamuda kuwa ya ci gaba da labari daga cikin ruwan, ga kada na tahowa.

Daga ranar abin ya zama musu wasa, suka riƙa yi bayan la'asar in an tashi daga aiki. Mamuda ne mai baki, shi ke faɗin gari da daji da abokan gaba. Sauran kowa na riƙe da gwarzo ɗaya, yana magana da bakinsa, yana faɗin abin da zai yi. In abin mai wuya ne, sai a watsa wuri. Gwarzo yakan fara ba shi da komai sai suna da lago, wato sirrin da in aka bi ta kansa an gama da shi. Duk lokacin da ya yi abin a-zo-a-gani, mai baki zai ƙara masa kirari ɗaya, kuma kirarin da ya dace da halin da ake ciki yana rage masa yawan wurin da yake bukata su buɗe.

Gwarzon Labaran shi ne Sha-Tsawa ɗan Zinariya. Tsawa ta faɗo wa uwarsa a gona tana goye da shi, jaririn ya buɗe baki ya haɗiye ta. Tun daga nan wuta ke fita daga tafin hannunsa. Da tsalle ɗaya yake zuwa Kankia daga Ƙofa. Yana jin kukan wanda aka zalunta daga tafiyar yini guda. Ƙarfe ba ya cinsa, amma wannan kirarin sai da aka yi shekara shida ana wasa sannan ya samu, ranar da ya tsaya a ƙofar wani gari shi kaɗai, maharba arba'in suna zuba masa kibau. Lagonsa ɗaya ne: duk wanda ya taɓa ba shi ruwa ya sha, ba ya ɗaga masa hannu, ko da shi ne zai kashe shi.

Akwai shekarar da wasu suka kai ƙara wurin mai unguwa cewa masaƙa na caca da rana tsaka. Labaran ya je da faifansa da wurinsa, ya ce mai unguwa ya zauna ya gani da idonsa, in ya ga an sa ko anini a yanke masa hukunci. Mai unguwa ya zauna har aka kira magariba bai ga komai ba sai manyan mutane uku suna gardama a kan ko dodo zai iya hawa rimi. Ya tashi yana dariya. Labaran bai yi dariya ba, kuma ya yi shekara bai gaisa da waɗanda suka kai ƙarar ba.

Shekara goma sha biyar suka yi suna wasan. Sai fari ya zo, shanun Bubayero suka fara faɗuwa, ya tattara sauran ya yi kudu da su. Kuɗin man fetur suka shigo, kasuwa ta cika da atamfa da shadda da barguna na kanti, mutane suka daina tambayar saƙi. A layin masaƙa goma sha biyu da ke Ƙofa, uku suka rage. Mamuda ya bi 'yan ci-rani zuwa Legas sauke siminti a bakin ruwa, bai cika shekara ba wasiƙa ta zo cewa ya rasu. A lokacin Sha-Tsawa na da kirari goma sha tara. Labaran ya ɗaure wurin a tsumma ya ajiye. Wani lokaci yana cikin saƙa sai Haulatu ta ji yana jero kirarin nan ƙasa-ƙasa, daga na farko har na ƙarshe, don kada ya manta jerinsu.

Haka aka yi shekara bakwai.

A 1982 ɗan ƙanwarsa, Sada, wanda ya gama karatu a Zariya yana koyar da Turanci a wata sakandare a Kankia, ya zo gaisuwa a kan sabon babur. Bayan an ci tuwo ya ce, "Kawu, na zo maka da albishir. Ashe irin wasanku har Turawa na yi. Wani Bature da ya koyar a makarantarmu ya bar mana akwati da littafi. Kowa na riƙe da gwarzo mai ƙarfin da ya fi na mutane, akwai mai ba da labari, ana jefa ƙwaya. Duk Asabar muna yi, mu malamai huɗu. Na ba su labarin Sha-Tsawa, sun ce don Allah ka zo da shi."

Labaran ya gyara zama. Can ya ce, "Wa ke riƙe da baki?"

"Malam Dawuda, mai koyar da lissafi. Mutumin kirki ne."

"Shina da labari?"

"Yana da littafin," in ji Sada.

Haulatu ta faɗa daga baya cewa tun da aka kawo wasiƙar Legas ba ta ga mijinta ya wanke babbar rigarsa da kansa ba sai ranar Juma'ar nan. Da safiyar Asabar ya hau keke ya nufi Kankia, ya ƙi yarda Sada ya zo ɗaukarsa.

A barandar gidan malamai ya same su, sun kewaye tebur. Malam Dawuda, dogo mai tabarau, ya miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi kujera mai hannu. Aka buɗe akwatin. Ciki akwai littafi mai kauri, da takardu masu gidaje-gidaje, da ƙwayoyi irin na ludo, sai dai ɗaya daga ciki fuskarta ashirin ce. Labaran ya juya ta a hannu, ya yaba wa wanda ya sassaƙa ta.

Sada ya ja takarda ɗaya ya ce kafin a fara sai an mayar da Sha-Tsawa cikin tsarin littafin. Kowane gwarzo maki ɗari ake ba shi, da su zai sayi ƙarfi da sauri da duk wata baiwa.

"Saye?" in ji Labaran.

"Haka littafin ya kira shi, Kawu. Ƙarfinsa nawa za mu sa, daga ɗaya zuwa ashirin?"

"Ya ɗauki rijiya da ruwanta ya kai wa mutanen da ƙishi ya kama. Kai ka hwaɗa mani nawa ke nan."

Sada ya duba littafi ya ce ashirin ke nan, amma zai ci maki arba'in. Wutar tafin hannu talatin. Tsalle ashirin da biyar. Kafin a zo kan kirari na biyar maki sun ƙare. Sada ya soma gogewa yana ragewa. Ya mayar da ƙarfi sha huɗu. Ya ce tsallen ba zai kai Kankia daga Ƙofa ba, amma zai haye gidan sama. Jin kuka daga nesa kuwa sai dai a bar shi. Labaran ya tsayar da shi.

"Kirari goma sha tara gare shi. Ba wanda aka ba shi kyauta. Kowane sai da na watsa wuri a kansa. Yanzu kai da fensir za ka zauna ka ce wanga ya zauna, wanga ya tashi?"

"Baba, don a yi adalci ne," in ji Malam Dawuda. "Kowa da ɗari ya fara."

"Yaushe naku suka fara?"

"Wata huɗu ke nan."

"Nawa shekara ashirin da biyu. In kai ka ga adalci a nan, to Allah ya kyauta."

Sai Sada ya ga wata mafita, fuskarsa ta washe. Ya ce ai littafin na ƙara wa gwarzo maki in yana da nakasa, kamar gurguntaka ko tsoron wuta. Wannan maganar ta rashin ɗaga hannu ga wanda ya ba shi ruwa, in aka rubuta ta a gidan nakasa, za a samu ƙarin goma sha biyar.

Labaran ya dube shi har Sada ya sunkuyar da kai.

"Uwarka ta ji wagga magana? Mutum ya riƙe alkawarin ruwa, shi ne nakasasshe? Wanda ya rubuta littahin nan, a gidansu ba a ba baƙo ruwa?"

"Kawu, suna ne kawai."

"In suna ne kawai, rubuta shi a gidan mutunci."

"Babu gidan."

"Na sani babu," in ji Labaran.

Da ya bi zuciyarsa da nan ya tashi. Amma shekara bakwai bai ji an ce "Sha-Tsawa, mi za ka yi?" ba, kuma yana son ya ji. Ya ce su rubuta abin da suka ga dama. Sada ya rubuta lagon a gidan nakasa, ya zuba makin da aka samu a kan kirarin ƙarfe, ya ce ya ɗan taɓa.

Malam Dawuda ya fara. Wani babban birni ne mai gidajen sama, 'yan fashi huɗu sun shiga wani kanti sun tsare mutane da bindigogi. Yana karantawa daga littafi yana fassarawa, muryarsa ba hawa ba sauka. Sauran malamai suka ce gwarazansu za su laɓe a bayan motoci su zagaya ta baya. Da aka zo kan Labaran ya ce Sha-Tsawa zai shiga ta ƙofa, ya yi sallama, ya ce su ajiye makamai.

"Baba, za su harbe shi," in ji Malam Dawuda.

"Su harba."

Aka miƙa masa ƙwaya mai fuska ashirin, aka ce in tara ta fito ko abin da ya fi, harsashi bai shige shi ba. Ya jefa, huɗu. Aka rage wani abu a takarda. Ya sake jefawa, bakwai. Aka sake ragewa. Na uku ya fito biyu. Malam Dawuda ya yi lissafi sau biyu a gefen takarda, ya cire tabarau ya goge, sannan ya ce a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Bisa littafi, ya mutu."

Ba a yi minti ashirin da farawa ba.

"Wa ya kashe shi?" in ji Labaran.

"Ɗan fashi."

"Mi sunansa? Ɗan wane ne? Mi ya taɓa yi a duniya?"

Malam Dawuda ya duba littafin. "Ba shi da suna, Baba. Ɗan fashi na uku aka rubuta."

Abin da Labaran ya faɗa a barandar nan, malaman sun daɗe suna maimaita shi. Ya ce sun ɗauko namiji sun yanke masa ƙafafu don ya shiga akwatinsu, sannan sun ce ya yi gudu. Ya ce haka aka yi wa saƙa, haka aka yi wa Mamuda, aka ɗauki mutumin da bakinsa ya fi rediyo aka ɗora masa buhun siminti. Ya ce wa Sada karatun da bai koya maka bambancin alkawari da gurguntaka ba, asarar tawada ne. Ɗaya daga cikin malaman ya yi kuskuren murmushi, Labaran ya juya kansa ya wanke shi tas, shi da gwarzon nasa mai tashi sama da mayafi. Da ya gama ya ɗauki takardar Sha-Tsawa ya ninke, ya ɗauki ƙwayar mai fuska ashirin ya jefa a aljihu, ya ce aro ne, zai maido. Ya hau kekensa ya koma Ƙofa.

Kwana uku bai taɓa masaƙa ba. Haulatu ta gaji ta ce, "Malam, mutumin nan fa babu shi. Ka ce bai mutu ba mana, wa zai kai ka kotu?"

"Da hannuna na jefa," in ji shi. "Abin da hannu ya jefa ba a ɗauke shi. In dai wanda ke cikin takardar nan Sha-Tsawa ne, ya mutu. Sai in ba shi ba ne."

"To ba shi ba ne."

"Ba a baki ake cewa ba."

Washegari ya kwance tsumman wuri. Ya ajiye ƙoƙo biyu da kwanon masara a gindin darbejiyar ƙofar gida. A tsarinsu na da, in aka kai wa Sha-Tsawa sara ko harbi, wuri biyu kawai yake bukata su buɗe cikin bakwai. Sai ya riƙa watsawa. In biyu suka buɗe ko fiye, ya jefa ƙwayar masara a ƙoƙon dama. In ba su kai ba, a na hagu. Duk ɗari sai ya ƙulla zare. Ya yi haka sau dubu, cikin kwana huɗu, masu wucewa suna kallonsa suna girgiza kai. Da ya ƙirga, na hagu sittin da uku ne kacal. Sannan ya ɗauko ƙwayar malamai ya yi mata haka, tara ko fiye a dama, ƙasa da haka a hagu. Ita ma sau dubu. Na hagu ya tashi ɗari huɗu da shida.

Ya ɗaure masarar hagu ta wuri a ƙulli ɗaya, ta ƙwaya a wani ƙullin, ranar Asabar ya sake hawa keke.

Ya sami malaman a barandar nan. Ya ajiye ƙwayarsu a tebur, ya kwance ƙulli biyun gefe da gefe, ɗan ƙarami da babba, ya bayyana abin da ya yi. Malam Dawuda ya ja takarda ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ɗago yana kallon Labaran kamar yau ya fara ganinsa.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Wane?"

"Abin da ka yi da masara, shi nake fama in koya wa 'yan aji biyar da alli. Lissafinka daidai ne. A wuri, cikin sha shida sau ɗaya ƙarfe ke taɓa shi. A takardar nan kuwa sau biyu cikin biyar. Sada, ba mu mayar da shi daidai ba. Ba tara ya kamata mu sa ba, biyu ne."

"To ba shi kuka kashe ba," in ji Labaran.

"Ba shi ba ne."

"A rubuta."

Malam Dawuda ya rubuta a bayan takardar, ya sa hannu. Sannan suka zauna su uku suka bi kirarin nan goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, Labaran na faɗin wuri nawa kowanne ke bukata, Malam Dawuda na mayar da shi lambar ƙwaya, Sada na neman kuɗinsa a littafi. Wannan karon ba a rage komai ba. Har azahar ta wuce suna yi. Biyu daga cikin kirarin ba a samu inda za a sa su ba sam, aka rubuta su a gefe da Hausa. Da aka tara, Sha-Tsawa ya tashi maki ɗari uku da goma.

Labaran ya ce to a fara.

Malam Dawuda ya sake duban takardar. Ya ce gaskiya in gwarzo mai ɗari uku ya zauna da masu ɗari, sauran sun zama 'yan kallo, shi kaɗai zai gama komai. Amma yana da shawara. A bar Sha-Tsawa da cikakken ƙarfinsa, ya zama babban gwarzon birnin, wanda ake jin labarinsa, yana bayyana jefi-jefi ya ba matasa shawara. Sai dai irin waɗannan mai ba da labari ne ke riƙe su. Shi kuma Baba a yi masa sabon gwarzo mai ɗari.

"Kai za ka riƙa magana da bakinsa?"

"In ka yarda."

Wannan fushin bai yi ƙara kamar na farko ba, amma Sada ya ce ya fi ba shi tsoro. Labaran ya miƙe ya naɗe takardun ya sa a aljihun gaba.

"Rannan kun kashe shi. Yau kuma kuna son ku gaje shi da ransa. Mamuda da ya yi masa kirarin duka bai taɓa cewa uffan da bakin Sha-Tsawa ba, ko sau ɗaya. Malam, kai mutumin kirki ne, lissahinka kuma ya fi na ɗan ƙanwata. Amma tebur ɗinku ya yi masa kaɗan. Ku ci gaba da 'yan fashinku masu lamba."

Sada ya biyo shi har bakin titi yana ba shi haƙuri. Labaran ya ce, "Da ka ce mani ban sani ba, Kawu, bari mu auna, da ban ji zafi ba. Amma ka riƙe fensir kana yanka kamar mahauci, don kada abokanka su jira." Ya hau keke ya tafi.

Ya yi wata takwas ba ya amsa wa Sada fiye da gaisuwa. Sa'a, uwar Sada, ta zo har Ƙofa ta yi masa magana, ta ce Yaya, a kan tatsuniya za ka yanke zumunci? Ya ce bai yanke ba, yaron na iya zuwa ya ci tuwo duk ranar da ya so, amma kada a ce masa tatsuniya.

Malam Dawuda kuwa ya aiko sau biyu yana roƙon Labaran ya zo ya nuna wa ɗalibai aikin masarar nan. Na farko ya ƙi. Na biyu ya je, da sharaɗin ba za a ambaci Sha-Tsawa ba. Ya tsaya a gaban aji da faifai da ƙoƙuna, ya sa ɗalibai suka watsa wuri sau ɗari biyu, ya yi wa wani mai surutu a baya faɗan da har shugaban makaranta ya leƙo. Aka ba shi lemon kwalba, ya sha rabi ya ce ya cika zaƙi.

A ƙarshen shekarar aka yi wa Malam Dawuda canjin wurin aiki, wasan Asabar ya watse. Ba a daɗe ba Sada ma ya samu aiki a wata ma'aikata a Kaduna. Ranar da zai tafi ya zo Ƙofa da akwatin a ɗaure bayan babur, ya ce ba mai amfani da shi yanzu, ko Kawu zai ajiye.

"In yi mi da shi?"

"Ko don ƙwayar. Na ga ta burge ka."

"Ƙwayar ba ta da laihi," in ji Labaran. "Amma tahi da abinka."

Ya shiga ɗaki ya fito da sabon gwado mai ratsin baƙi da fari, wanda ya yi sati uku yana saƙawa ba tare da ya gaya wa kowa na wane ne ba. Ya ɗaure shi a kan akwatin da kansa, ya ja igiyar da ƙarfi, yana faɗan cewa matasan yanzu ko ɗaurin kaya ba su iya ba. Ya ce Kaduna akwai sanyi da damuna, kuma kada ya kuskura ya ba masu wanki su sa masa garin sabulu.

Bayan shekara biyu ya naɗe masaƙarsa, shi ne na ƙarshe a layin. Ya koma noma sosai, ranar kasuwa kuma yana sayar da zare da allura a wata rumfa a Kusada. Bai sake riƙe gwarzo a wasan kowa ba. Masu rumfunan kusa da shi sun san abu biyu ne ba a tayarwa in ana son a tashi lafiya: maganar bargon kanti, da maganar malaman Kankia. Wani lokaci in kasuwa ta yi sanyi, sai wani ya tayar da gangan.